Malama Ba Ta Fita a Hoto

Duk wanda ya san Malama ya san ba a kawo mata zancen "wai". Shekarunta na aiki kaf a gaban allo ta yi su tana koyar da lissafi, kuma har ta ajiye alli ba ta taɓa ba ɗalibi maki a kan amsar da bai nuna hanyar da ya bi ya same ta ba. A gida ma haka take. Yaro ya ce mata kofi da kansa ya fashe, sai ta ɗauko wani ta ajiye a gabansa ta ce to a zauna a jira, ita ma tana son ganin yadda ake yi. Ta raini 'ya'ya uku a hawan sama na wani tsohon bene, a falo mai tsawo da ƙunci kamar lungu, kuma ba ta ɓoye alfaharinta da su. In ka zauna da ita, kafin shayinka ya huce ka ji labarin Babba injiniya da na Likita mai cire haƙora. Labarin Auta ne take ɗan taƙaitawa, don ita ta so yarinyar ta karanta lissafi, yarinya kuwa ta kafe sai sana'ar hoto. Taurin kan ba daga waje ta samo shi ba. Kowa ya ce Auta ita ce Malama sak, tsayi da fuska da kafiya.

To wannan matar da ba ta karɓar magana sai da hujja, akwai abu ɗaya da ta haɗiye ta zauna da shi shekara da shekaru: ta yarda ita ba ta fita a hoto.

A ganinta hujja tana da ita, kundi guda cike. Mijinta, wanda duk layin ke kira Mai Agogo saboda sana'arsa, yana da wata baƙar kyamara mai nauyi, irin ta fim. In an ba da hutun makaranta, ko an yi wa wani sabon ɗinki, ko haƙorin wani ya fita, sai ya jera yaran a doguwar kujera, shi ya koma bakin ƙofar shigowa ya tsuguna. Malama kuwa wurinta ɗaya ne, can ƙuryar falo, bakin ƙofar kicin, ƙarƙashin agogon bango. Daga nan take ganin ƙeyar kowa. Yara sun san tana tsaye a bayansu, shi ya sa ba mai sosa ko da kunne.

Mutumin kuma akwai jinkiri. Zai ɗora kyamara a ido ya yi shiru, ya yi ta shiru, har murmushi ya bushe a bakin yara. Ita kuma ta ce, "Wai sai yaran nan sun yi furfura?"

Amsarsa ba ta taɓa canjawa ba. "Ku yi haƙuri, ina saiti."

In an wanko hotuna, yara su fito tar, har zaren wuyan rigar Babba kana iya gani. Ita kuwa sai wata doguwar inuwa mai launin kayan da ta sa ranar, fuska kamar an goge ta da yatsa tun tawada ba ta bushe ba. Ba motsi take yi ba, ta sani, don ƙamewa take kamar turke. Ƙanwar mijin ce ta fara furtawa wata rana tana buɗa kundin tana dariya: "Ikon Allah. Ke dai hoto ba ya karɓar fuskarki." Malama ta taya ta dariya, don ba ta yarda a ga an taɓa ta. Amma maganar ta shiga, ta samu wuri ta zauna. Hoton katin shaida da ya fito da ita kamar wadda aka kama da laifi ya ƙara tabbatar mata. Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoto, sai ta ƙware wajen juya baya, ko ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Mai Agogo ya rasu da daɗewa. Kyamarar na cikin jakarta ta fata a saman kabad, ba mai taɓawa. Yanzu kuma gwiwoyi sun ƙi matakalar benen, Babba ya gyara mata ɗaki a gidansa, a ƙasa, kuma yau ake kwashe kaya. Falon ya cika da kwalaye da tsofaffin jaridun naɗe kwanuka. Likita na naɗe kofuna, Babba na yawo da sukundireba a aljihu yana ba da umarnin da ba mai bi, jikoki na tsalle daga kwali zuwa kwali. Motar kaya ake jira.

Da hantsi Auta ta shigo, jaka a kafaɗa, ƙafar kyamara mai ƙafa uku a hannu.

"Yaya Babba, kar a fitar da doguwar kujera tukuna," ta ce. "Mama, hoto ɗaya nake so, yadda Baba ke jera mu."

"Ku jeru mana. Wa ya hana ku?"

"Da ke a ciki."

"Zan tsaya in ga kowa ya zauna daidai. In kin zo ɗauka in shige kicin."

"Mama."

"Hoton ƙarshe ne a gidan nan," in ji Malama, tana ninke wani mayafin tebur da ta riga ta ninke. "Ba zan ɓata muku shi ba."

Gaskiyar magana, tana so. So take ƙwarai. Ita ta share falon nan, ita ta zauna a kan kowane yaro a teburin can har ya iya rabawa da ninkawa, amma in jikokin jikokinta suka buɗe kundin nan wata rana, tambaya za su yi wace ce wannan inuwar. Sai dai da a sake yi mata dariya a gaban surukarta da jikoki, gara a ce ba ta nan.

Auta ba ta yi gardama ba, abin da ya kamata ya sa Malama ta yi hattara. Ta ɗauko kundin daga saman wani kwali, ta buɗe shafin da Babba ke da giɓi a baki, ta kawo har gaban uwar.

"Mama, duba min. Ƙarfe nawa a agogon nan?"

Malama ta gyara tabarau. Agogon bangon na nan a hoton, daidai saman kanta, amma wani farin da'ira ne kawai, ba hannu ba lamba.

"Ba ya karantuwa."

"To shi ma hoto ba ya karɓarsa ke nan? Ga ƙofar kicin, ga kalanda. Duk sun haɗa baki da ke?"

Malama ta buɗe wani shafin, ta sake buɗe wani. Ko'ina haka. Ita da agogo da ƙofa sun narke tare, shekara bayan shekara, ita kuma ba ta taɓa duba komai a hotunan ba sai wurin da fuskarta ya kamata ta kasance. Ta rufe kundin.

"Wannan lura ce, ba hujja ba. Nuna min aiki."

Likita ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Auta, kin shiga aji."

Auta ta sa Babba ya sauko da jakar babansu. Ta kaɗe ƙura, ta fito da kyamarar, ta murɗe gilashin gaban ta cire shi, ta miƙa wa uwar.

"Ɗaga shi saitin fitila ki leƙa. Kin ga rami a tsakiya? Juya wannan siririn zoben."

Malama ta juya. Wasu 'yan faifan ƙarfe suka zame a kan juna, ramin ya tsuke har ya koma kamar kan allura. Ta mayar baya, ya buɗe wangam. Aikin ya burge ta, ta sake yi sau biyu don jin daɗi kawai.

"Ta nan haske ke shiga," in ji Auta. "Shi kuma wannan faffaɗan zoben na saiti ne, shi ke gaya wa kyamara inda za ta kalla, kusa ko nesa. Yanzu a ba ni kofi uku."

Likita ta kwance kofunan da ta gama naɗewa tana gunaguni. Auta ta ɗora ɗaya a hannun doguwar kujera, ɗaya a tebur a tsakiyar falo, na ukun a kan kwali a bakin ƙofar kicin. Ta kafa tata kyamarar a bakin ƙofar shigowa, inda babansu ke tsugunawa, ta ɗauka, ta juyo da allon bayan kyamarar. Kofin farko ya fito fes, har ɗan tsagun bakinsa. Na biyu ya fara dishi-dishi. Na ukun kuwa, da Malama ba ta ga lokacin da aka ajiye shi ba, da ba za ta rantse kofi ne ba.

"Wannan da ramin a buɗe," Auta ta ce. "In ya buɗe sosai, haske da yawa ke shiga, amma wurin da kyamara ke riƙewa ɗan siriri ne. Abin da ke gabansa da abin da ke bayansa duk sai su narke. Bari in tsuke shi."

Wannan karon kyamarar ta ɗan jima kafin ta yi ƙas. Kofuna uku suka fito tar, na kicin ma har furen jikinsa.

"In an tsuke, wurin da ake riƙewa ya yi zurfi, daga gaba har ƙurya. Amma fa hasken ya ragu, sai dai a samu haske mai yawa, ko a ba ta lokaci kowa ya ƙame. Kofi ba ya motsi. Mutum kuwa kin sani."

Malama ta gwama hotunan biyu. Can ta ce, "Kamar yaran bayan aji da ke ƙanƙance ido kafin su ga allo."

"Shi ke nan, Mama. Kin ci."

Wani sanyi ya ratsa ta tun daga kafaɗa. Ashe ba fuskarta ba ce. Ashe nisa ne da haske, abin da ake aunawa, abin da ita da kanta za ta iya koyarwa da an kawo mata shi a kan allo. Ta dubi Auta, wadda ta tsara bayanin daki-daki ba ƙari ba ragi, ta ji alfahari ya cika mata ƙirji. Yarinyar nan lissafi take yi ashe, da gilashi maimakon alli. Ba ta faɗa ba. Ta dai gyaɗa kai sau ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajinta ya san darajar wannan gyaɗawar.

Sai dai matsalar mai lissafi ita ce ba ta tsayawa a rabin hanya. Ta ci gaba da bin layin a zuci har ya kai ta inda ba ta so.

"Wato," ta ce a hankali, "mai riƙe da kyamara shi ke zaɓar inda za a kalla."

"Eh."

"To shi ya zaɓa ke nan."

Mai Agogo ba mutum ne mai kuskuren hannu ba. Mutumin da ke ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba ya zaunar da ita a mazauninta, ba zai yi shekaru yana kuskuren saiti ba. Ya san abin da yake yi. Yana zaune ranar da ƙanwarsa ta yi maganar, yana shan shayi, bai ce uffan ba. Abin ya yi mata zafi, zafi na gaske, irin wanda ba ta zata mamaci zai iya sa wa mai rai ba.

"Mama, ai duhu ne," in ji Likita. "Ba shi da yadda zai yi. Kuma kin san Baba da fitilar kyamara, cewa yake tana mayar da mutane kamar an firgita su."

"Gidan nan ko da tsakar rana sai ka laluba takalminka," Babba ya ce.

Duk suka dubi labulayen. Manya ne, ruwan ƙasa, masu nauyi, ita da kanta ta ninka musu shafi biyu. Tagogin falon suna fuskantar na maƙwabta, tazarar ba ta fi a miƙa hannu a gaisa ba, kuma dokar Malama ce ba a zuge labule. Malama ta tuna wata rana Mai Agogo ya kai hannu zai zuge, kyamara rataye a wuya, ta ce ya bar mata labulenta, ko so yake maƙwabta su ƙirga musu kujeru. Ya janye hannunsa bai ƙara ba.

Babba ya dafa ƙugu, ya ɗaga haɓa, ya siranta murya. "Ka dai tabbata yaran sun fito. Ni ba ruwana, yaran dai."

Likita ta tuntsire da dariya. "Wallahi haka take cewa. Kowane hoto."

"Babba, furfurar gemunka ba za ta hana ni ba," in ji Malama.

Amma ta ji, kuma ta san gaskiya ne. Ita ta hana haske, ita ta ce yaran dai. An ba mutum ɗan siririn wuri ɗaya, an gaya masa wanda zai sa a ciki, ya sa. Ba ta ce ta yi kuskure ba, don bakinta bai saba da wannan jimlar ba. Kuma zafin bai tafi duka ba. Ya bi umarni, ta yarda. Amma a duk tsawon zaman nan, ko sau ɗaya ransa bai ce masa bari in ga matar can ba?

Ta dafa hannun kujera ta miƙe, gwiwa na ƙara. Ta je ta kama labulen farko ta fizge shi gefe.

"Sauke su duka," ta ce wa Babba. "Ga amfanin sukundirebar da kake ta yawo da ita."

Da labulaye suka sauka, rana ta shigo falon kamar baƙuwar da aka daɗe ana hanawa. Aka ga ainihin launin bango, aka ga inda hannun kujera ya goge, aka ga wata ƙwallo da ta ɓace tun Auta na rarrafe. Maƙwabciya na tsaye a tagarta tana shanya tawul. Ta buɗe baki, sannan ta ɗaga hannu. Malama ta ɗaga mata ita ma, da ƙasaita, ta bar ta ta ƙirga kujerun son ranta.

"To zo ki zauna a tsakiya," in ji Auta. "Kowa a layi ɗaya, ba wahala."

"Wurina can ne."

"Mama, in kin zauna nan ai an gama."

"Kin ce in an tsuke ramin zai kamo har ƙurya. Ko lissafin naki bai kai can ba?"

Auta ta dube ta, ta cije leɓe. "Ya kai."

"To nuna aiki."

Aka jeru. Babba da matarsa, Likita, jikoki a ƙasa da kan cinyoyi, aka bar wa Auta gefen kujera inda take zama tun tana ƙarama. Malama ta taka har bakin ƙofar kicin ta tsaya ƙarƙashin agogo, wanda ba a riga an sauke ba. Ta haɗa hannuwanta a gaba. Auta ta tsuke ramin, ta auna, ta kai saitin ɗan bayan kujera kaɗan don zurfin ya raba gaba da baya, ta danna abin da ke sa kyamara ta ɗan jira ta ɗauka da kanta, ta rugo ta zauna.

Na farko ya lalace. Ƙaramin jikan ya juya zai ciji yayarsa, ya fito da kai biyu.

"A sake," in ji Auta. "Amma sai kowa ya ƙame, numfashi ɗaya kawai nake nema."

Matar Babba ta lallasa, Likita ta yi alkawarin alewa, ita da ke cire haƙora. Ba wanda ya saurara. Auta ta danna ta rugo. Daga can ƙurya Malama ta ce, ba da ƙarfi ba, "A natsu."

Har Babba ya miƙe wuya. Kyamara ta yi ƙas.

Suka taru a kan ɗan allon, kai a kan kai. Malama ta taho a hankali, ba ta son a ga tana sauri. Auta ta faɗaɗa hoton, ta bi shi daga gaba: jikoki tar, Babba tar. Ta matsa sama. Agogo ya fito da hannayensa da lambobinsa. Ta sauko kaɗan, ta tsaya.

Duk suka zuba wa allon ido.

Wata mata ce a tsaye, doguwa, haɓa a ɗage. Ana ganin layukan gefen idonta, da ɗan tabon goshi, da zaren da ta ɗaure ƙafar tabarau da shi. Ba kyamara take kallo ba. Ƙeyoyin da ke jere a gabanta take kallo, kuma duk fuskar a sake take, baki ya ɗan buɗe da murmushi, idanu cike da wani irin ƙoshi, kamar manomin da ya tsaya a bakin gonarsa bayan ta nuna. Malama ta daɗe tana duban ta. Matar tana da kyau, kuma ba ta ga dalilin yin ƙaryar tawali'u a kan abin da ke gaban kowa ba.

"Na fito," ta ce.

"Mama," in ji Likita, muryarta ta canja, "murmushi kike yi?"

"Ni fa duk rayuwata na ɗauka harararmu kike a bayan nan," Babba ya ce. "Har yau in za a ɗauke ni hoto sai in ji ƙeyata na zafi."

"Kullum haka nake tsayawa. Me zan harara? Kun yi wanka, kun yi shiru."

"Mu ai baya muke ba ki," Likita ta ce tana share ido da gefen hannu. "Ba wanda ya taɓa gani."

Malama ta buɗe baki za ta yarda, sai ta fasa. Lissafin bai cika ba. A falon nan, duk lokacin da aka jeru, akwai mutum ɗaya da ba ya ba ta baya.

Auta ta riga ta mayar da gilashin a kyamarar babansu tana ƙoƙarin rufe jakar. Murfin ya ƙi. Ta sake fito da ita, ta murɗa faffaɗan zoben har ƙarshe, gilashin ya shige ciki ya gajarta. "Na manta," ta ce. "Sai an mayar da shi can ƙarshen nesa jakar ke rufuwa. Haka na same ta."

"Ba ni nan," in ji Malama. "Ku koma ku zauna. Ke Auta, je ki tsaya a wurina."

Ta ɗauki kyamarar da hannu biyu, ta fi yadda ta zata nauyi. Ta taka zuwa bakin ƙofar shigowa. Tsuguno ya fi ƙarfin gwiwarta, sai ta jawo kwalin littattafai ta zauna, tsayin ya zo daidai. Ta buɗe ramin wangam yadda Mai Agogo ya saba aiki da shi, ta cire tabarau, ta ɗora ido a 'yar tagar leƙe.

Da farko komai hazo ne. Ta ɗan taɓa faffaɗan zoben, ɗan kaɗan, sai ƙuryar falon ta taso mata. Abin da ya fi nisa shi ya fara zuwa: agogo, ƙofar kicin, da doguwar mace a tsaye da haɓa a ɗage, tana kallon 'yan'uwanta. Waɗanda ke kan kujera launuka ne kawai a ƙasan gilashi. Ta ci gaba da murɗawa, matar ta narke, yara suka fito. Ta koma baya, matar ta dawo. Ta sake gwadawa don ta tabbata, kamar yadda take sa ɗalibai su duba amsa. Daga ƙurya zuwa kujera murɗa ɗaya ce, ƙiftawar ido, ko a yatsunta masu ciwon sanyi. Balle a yatsun mai gyaran agogo.

Duk lokacin da ya fito da kyamarar nan daga jaka, ta kanta yake bi kafin ya isa ga yara. A nan yake tsayawa ke nan, har murmushi ya bushe a bakinsu, ita kuma tana yi masa faɗan jinkiri.

Idonta ya ciko, tagar ta yi ruwa-ruwa. Ta ƙifta, ba ta sauke kyamarar ba. Ta mayar da zoben kan matar da ke ƙarƙashin agogo ta bar shi a nan. Zafin da ke ƙirjinta ya saki, wani abu mai faɗi ya maye gurbinsa, ta gyara zama a kan kwalin ta miƙe baya.

"Mama, ba fim a ciki fa," in ji Babba.

Jikoki suka fara mutsu-mutsu. A ƙasa an ji mota ta tsaya, direba na danna ham.

"Mama," Likita ta ce, tana dariya tana jan hanci, "wai sai mun yi furfura?"

"Ku yi haƙuri," in ji Malama. "Ina saiti."